Ƙwannafin Da Kika Ɓoye Mini

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci. Ni ce Bilkisu, daga Libreville. Shekara shida da rasuwarki, sai yau na samu bakin yi miki wannan magana.

Kin tuna zuwanki gidana a unguwar Nzeng-Ayong? Wata biyu kika yi. Ni da nake sayar da abinci a kasuwar Lalala, 'yan kasuwa na rububin miyata, na ce bari in nuna wa uwata hannuna. Na yi miki taushe, na yi farfesun kifi da attaruhu, na soya ayaba. Sai ki yi loma biyu ki ture kwano, ki ce, "Na ƙoshi, 'yar nan." Can anjima in gan ki kina jiƙa kanwa a kofi.

Na ɗauka girkina ne bai yi miki ba. Na ɗauka har lokacin kina jin haushin auren da ya kai ni nesa da ke. Ranar komawarki Kano, tun daga gida har filin jirgi, a cikin taksi kina ta ja na da hira, ni kuwa daga "to" sai "uhm". Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Bara abin ya same ni. Ƙirjina ya riƙa zafi kamar an zuba garwashi, ruwa mai tsami yana taso mini har maƙogwaro, musamman in na sunkuya a kan tukunya. Har na kai ba na iya ɗanɗana miyar da nake sayarwa, sai maƙwabciyar rumfata, wata 'yar Garwa, ke duba mini gishiri. Na sha ƙwayoyin magani wata da watanni, da na daina sha sai ya dawo.

Likitar da na gani ta ce ƙwannafi ne ya yi tsanani, ƙofar da ke tsakanin hanyar abinci da tumbi ce ta saki. Ta ce akwai aikin da ba sai an yanka mutum ba: a zura siririyar roba mai kyamara ta baki, a yi allura a wurin don ya yi kauri, ƙofar ta matse. Ba ta ɓoye mini ba cewa ba kowa yake yi wa amfani ba, kuma wataƙila a sake. Sannan ta tambaye ni, "Akwai mai irin wannan a gidanku?" Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna kanwar nan da kike jiƙawa a kofi.

Ina fitowa na kira aminiyarki, Hajiya Rabi. Ta ce, "Au, ba ki sani ba? Ai Hajara ta fi shekara goma da shi. Ita ta hana mu gaya miki. Cewa ta yi kina ƙasar mutane, kada a ƙara miki damuwa." Na daɗe tsaye a bakin titi, ruwa na tsuga, masu taksi na yi mini hon.

Sati uku ke nan da aka yi mini aikin. Barci suka sa ni, na farka maƙogwarona na ɗan ciwo, maigidana zaune a gefe. Kwana biyu kunu kawai na sha. Yanzu da sauƙi sosai, ko da yake ban warke sarai ba. Na rage yaji da mai, ina cin kaɗan-kaɗan, na koma rumfa.

Ban san ko da wannan allura ta yi miki amfani ba, Inna. Amma da na zaunar da ke sau ɗaya na ce me ke damun ki, da na kai ki asibiti. Wata biyu muna ƙarƙashin rufi ɗaya, kina fama, ni ina fushi. Ban tambaya ba. Ki yafe mini, Innata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon da kika haɗiye ya zama kankarar zunubi, Ya shayar da ke daga Alkausara, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Bilkisu