Hannun Dada a Kan Faifai

Kano, 3 ga Nuwamba

Yaya Inuwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Dada da duk mutanen gida. Ga saƙo nan na bai wa Abdulsalam direba: tsohuwar kwamfutata, ƙaramar kyamara mai waya, da filas na adana bidiyo.

Aikina na kammala makaranta shi ne in koya wa kwamfuta bambance gyaɗa mai kyau da ruɓaɓɓiya. Sai ta ga dubbai kafin ta gane, kuma duk Gafasa babu mai tsintar gyaɗa kamar kakarmu. Ka soka wayar a kafar USB, ka rataye kyamarar tana kallon faifai daga sama, ka buɗe manhajar da na sa wa suna Gyaɗa. Za ka ga komai kai tsaye. Ka danna jan maɓalli ta fara ɗauka.

Na san Dada ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Ka ce mata faifai kawai abin yake kallo. Wallahi ina kewar gyaɗar da take soya mana a cikin yashi.

Ƙanwarka,
Halima Sadiya

Gafasa, 12 ga Nuwamba

Injiniya Sadiya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sai Dada da ƙafa ke ɗan damunta.

Injinki ya fara da cin mutuncina. Ina buɗewa sai ga ƙaton hancina ya cika allo, ashe kyamarar jikin kwamfutar ya kama. Na bi takardar da kika haɗo da kayan, na sauya lambar kyamara daga sifili zuwa ɗaya, sannan faifai ya bayyana. Na ɗaure kyamarar a azarar rumfa da igiyar guga.

Dada ta ce, "Wannan mai ido ɗayan ne zai gaje ni? To, Allah ya ba da sa'a." Ta zauna ta fara. Can ta ɗaga kai ta ga hannuwanta suna motsi a allo, sai ta yi tsit. Ta daɗe tana jujjuya su. Na tambaye ta, ta ce in kama gabana.

Kwana biyar muka yi, kullum da hantsi. Ga filas nan. In kin zama farfesa kada ki manta wanda ya hau turmi ya ɗaura igiya.

Yayanki,
Inuwa

Kano, 16 ga Nuwamba

Yaya Inuwa,

Ina gaisuwa. Na duba bidiyon, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Hannun Dada ya rufe rabin faifan daga farko har ƙarshe, kwamfuta sai ɗaukar yatsunta take a matsayin gyaɗa. Sannan kowace rana tana ware wasu manya masu kyau ta tura gefe, manhajar kuma ta lissafa su cikin marasa kyau. Aikin duk ya dagule.

Na goge filas ɗin na dawo da shi. Kai ma ka goge na cikin kwamfutar, wuri ya yi kaɗan. A sake, amma ta riƙa janye hannu bayan kowace tsinta. Sati uku ya rage mini.

Sadiya

Kano, 20 ga Disamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Dada, ya sa ta huta.

Kwana bakwai na yi a gida ban iya tambayarka ba, kunya ta hana ni. Ranar uku Inna Larai ta ce ko akwai mai hoton Dada a waya, aka duba, babu ko ɗaya. Ni kuwa na san na riƙe awa biyar na hannuwanta, na goge da kaina don sun tare mini gyaɗa.

Da waɗannan hannuwan ta yi mini kitso har na gama firamare. Akwai tabon ƙuna a babban yatsanta, tun jiya nake ƙoƙarin tuna ko na dama ne ko na hagu, na kasa. Abin yana cina, Yaya. Wasiƙata ta ƙarshe ma ko gaishe ta ban yi ba.

Na san halinka, in an ce ka yi abu kana yi. Amma dai ina tambaya: ka goge?

Ƙanwarka,
Halima Sadiya

Gafasa, 23 ga Disamba

Sadiya,

Wa alaikumus salam. Haƙuri sai ma'abucinsa, mun gode Allah.

Ban goge ba. Da na karanta mata wasiƙarki dariya ta yi, ta ce gyaɗa ba ta tsintar kanta. Daga nan kullum bayan la'asar sai ta ce in kunna mata. Ranar nan ta faɗa mini abin da ya sa ta yi tsit tun farko. Ta ce, "Inuwa, hannun Innata nake gani. Shekara sittin rabona da shi." Ke ki faɗa mini yadda zan danna gogewa.

Tabon a hagu yake, za ki gani.

Manyan da take turawa gefe kuwa, ba kuskure ba ne. Cikin gwangwanin madara take tara su, ta ce na Sadiya ne, in kin zo hutu za ta soya miki. Ga filas na sake zuba bidiyon a ciki, ga gwangwanin, duk suna hannun Abdulsalam. Na ce masa kada ya ɗora musu kaya.

Allah ya haɗa mu da ita a Aljanna.

Yayanki,
Inuwa