Lu'ulu'u a Kan Ganye

Litinin, 3 ga Maris

Tsirran tankin kifina sun sake narkewa. Karo na biyu ke nan. Da cokali na kwashe su, sun yi rawaya sun yi laushi. Mijina, wanda nake kira Injiniya saboda gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne aikinsa, ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa ya ce, "Amarya, na ba ki zuwa ƙarshen wata. In suka sake mutuwa a kai wa ƙanwata tankin, in sa kabad ɗin kayan aikina a wurin." Ko murya bai ɗaga ba. Da a littafin soyayya ne, da ya riƙe hannuna ya ce zai kawo mini kogi har falo.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je wurin tsohon nan mai sayar da kifin ado. Ya ce, "'Yata, ganye ba ruwa kaɗai yake sha ba. Yana son iskar kabon, irin wadda ni da ke muke fitarwa in mun yi numfashi." Ya koya mini yadda ake haɗa ta a gida: robar lemo, ruwan ɗumi, sukari kofi biyu, yis na kumbura burodi rabin ƙaramin cokali, sai siririn tiyo daga murfin zuwa cikin tanki. Kumfa ɗaya duk daƙiƙa biyu, kada ta wuce haka. Ya ce ranar da na ga ganye na fitar da ƙananan ƙwayoyin iska kamar lu'ulu'u, to ya ƙoshi, na ci.

Lu'ulu'u! A littafin da nake karantawa, shafi na 140, saurayin ya ɓoye sarƙar lu'ulu'u a aljihu, bai kai ga ba budurwarsa ba. Na ɗauka alama ce.

Asabar, 8 ga Maris

Yini guda ina tsara cikin tankin. Babban dutsen a gefe, ba tsakiya ba, ƙananan biyu sun jingina da shi. Ƙasa ta yi tudu a baya, siririyar hanya ta farin yashi ta ratsa ta ɓace bayan icce. Nan ne masoya za su haɗu, in da akwai su. Da hantsakin gyaran girata na dasa gajeriyar ciyawa a gaba, ɗaya bayan ɗaya, har bayana ya ƙage. Ƙanwar Injiniya ta leƙo ta ce, "Anti, ki gama wahalarki, ni dai a goge mini gilashin kafin a kawo." Na ba ta ruwa ta sha.

Litinin, 10 ga Maris

Kumfar farko! Na yi rawa ni kaɗai a falo.

Alhamis, 13 ga Maris

Babu lu'ulu'u har yau, wata kuma na tafiya. Na ƙara yis cokali biyu cike. In kaɗan na da amfani, ai da yawa ya fi. Kumfa na fita fat-fat-fat kamar zuciyar budurwar shafi na 140.

Juma'a, 14 ga Maris

Da gari ya waye na tarar da kifayena shida duk a saman ruwa, baki buɗe, suna haki. Mai Gyale, jan nan mai doguwar wutsiya, ya kwanta a gefe guda. Na ƙwala ihu. Injiniya ya fito da singileti, ya zare tiyon, ya kunna famfon iska, ya ce, "Bokiti!" Muka kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan muka zuba sabo. Yana aiki yana cewa sai fitila na kunne ganye ke shan kabon, a cikin duhu shi ma fitar da ita yake yi, ni kuma na kwana ina ɗura musu.

Na ce, "A ina ka san wannan?"

Ya ce, "Na biya ta wurin mai kifi ranar Talata. Hanyata ce."

Ba hanyarsa ba ce. Ko kusa.

Duk sun rayu, har Mai Gyale. Ya makara aiki da awa guda.

Asabar, 15 ga Maris

Ya ɗaura wa tiyon ɗan makunni da ya ciro daga wata tsohuwar na'ura. In an kashe fitila, a juya shi iskar ta fita waje. Sabon haɗi, rabin cokali. Na rantse ba zan ƙara ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Na ci! Na ci!

Bayan azahar na zo wucewa da tsintsiya sai na ga wani abu na ƙyalli. Kowane ganye ya ɗauki ƙwayoyi, farare tas, suna jeruwa a bakinsa su saki su hau sama a layi. Ciyawar gaba ta rufe ƙasa. Na yar da tsintsiyar na jawo Injiniya da hannun riga. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gas ɗin ya zauna." Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma kunnuwansa sun motsa, haka yake yi in yana danne murmushi.

Na kira ƙanwarsa musamman. Ta manna hanci a gilashi ta ce, "Anti, don Allah ki koya mini." Na ce sai kin goge inda hancinki ya taɓa.

Litinin, 31 ga Maris

Ƙarshen wata. An kawo kabad ɗin jiya, ya sa an ajiye shi a lungun bayan ƙofa, inda sai ya karkace yake iya buɗe shi. Babu wanda ya tayar da maganar kai tankin.

Na tsinci littafina a ƙarƙashin ledar sukari, har yanzu a shafi na 140. Ban san ko an ba ta sarƙar ba. Zan duba, ba gudu zai yi ba.

Yau ya fita, ya dawo bayan minti biyar wai ya manta wani abu. Daga kicin na ji shi a wajen tankin yana ƙirga kumfa a hankali, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Na ce, "Injiniya, ka samu abin da ka manta?" Ya ce eh. Hannunsa babu komai.

Na bar ƙofar kicin a buɗe don in gan shi da kyau.