Ƙulli Ya Fito Mini, Ga Aurena Saura Sati Uku

Anti Afiniki, don Allah ki taimake ni, ki kuma ɓoye sunana, don a kasuwar Kafanchan magana ba ta kwana.

Amma ki fara taya ni murna. Shekarata arba'in da uku, mijina ya rasu shekara bakwai ke nan, sai ga shi Ubangiji ya sake tunawa da ni. Saura sati uku a ɗaura mini aure da wani dattijon kirki, mu kira shi Azariya, tsohon ma'aikacin reluwe. An yi shela sau biyu a coci, matan zumunta sun fitar da anko. Ni da na ce na gama da maza, yanzu waƙa nake yi ina auna citta.

To ga matsalar. Wata biyu da suka wuce ina wanka na ji ƙulli a gabana, gefe ɗaya, daidai bakin wurin, kamar ƙwayar gyaɗa. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Na ce mashin ne, tun da kullum ina kansa zuwa ƙauyuka saro citta. Sai ya girma ya kai goro. In na zauna a benci sai na karkace, masu saye suna zaton yangar amarci ce.

Ki yi dariya in kina so: ɗanyar citta na daka na shafa. A gidanmu citta ce maganin komai, daga mura har ciwon gwiwa. Anti, ranar na yi rawar da ko a bikina ba zan yi ba.

Bayan nan wani mai taye da jaka ya shigo motarmu ta Manchok yana tallan magani, wai homiyofati. 'Yan ƙwayoyi ne farare masu zaƙi, a sa a ƙarƙashin harshe, kada hannu ya taɓa. Ni ba a yi mini wayo a ciniki, amma da ya ce yana narkar da ƙulli ba wuƙa ba allura, na bi shi a tasha na saya, na ce na maƙwabciyata ne. Ya ce a haɗa da zama cikin ruwan ɗumi. Yau kwana goma, abin ya ragu sosai. Har ina tunanin in karɓo kwali guda in riƙa sayar wa matan zumunta, don na san ba ni kaɗai ba ce, kowa shiru take yi.

Za ki ce me ya hana ni asibiti. Emilia, ƙanwar Azariya, nas ce a inda muke zuwa, kuma tun farko ba ta son auren nan, wai matan kasuwa idonsu a buɗe yake. In ta ji, cewa za ta yi ciwon sanyi na ɗebo a yawo. Allah shaida, shekara bakwai ɗin nan ba wanda ya ga ko gwiwata. Tsorona a fasa auren. In ci gaba da shan ƙwayata in yi shiru har a ɗaura?

Mai Citta, Kafanchan

Amarya, barka da arziki. Ubangiji ya albarkaci gidan.

Kwantar da hankalinki. A kowane gefe na bakin farji akwai wani ɗan gurbi mai fitar da ruwan da ke jiƙa wurin. In hanyarsa ta toshe, ruwan ya taru, sai ya zama ƙulli irin wanda kika kwatanta. Sau da yawa ba a ma gano dalili. Wani lokaci gogar wurin ce ko ƙwayoyin cuta. Yana fito wa matar aure, yana fito wa wadda ba ta taɓa sanin namiji ba. Ba shaidar yawo ba ne.

Game da homiyofati, zan yi masa adalci: da wuya 'yan ƙwayoyin nan su cuce ki, don akasarinsu sukari ne. Amma babu binciken da ya nuna suna narkar da ƙulli. Ruwan ɗumin da mutumin ya haɗa miki da shi, shi ya fi kama da mai aikin. Ki ci gaba da shi, minti goma zuwa sha biyar, sau uku a rana. Kada ki matse, kada ki huda. Kwalin nan kuma ki manta da shi. Wata za ta saya ta zauna a gida alhali nata ya yi mugunya.

Shiru dai ban yarda ba. Ban gan ki ba, sai an duba za a tabbatar, kuma duk macen da ta haura arba'in likita yakan so ya ga sabon ƙulli a wurin don ya kawar da shakkar abin da ya fi wannan, kamar ciwon daji. Ki je cikin satin nan, wani asibitin daban, ki nemi mace ta duba ki. In kuwa ya fara zafi, ya yi ja, ko zazzaɓi ya zo, ki tafi a ranar. Ko da sai an zubar da ruwan, ƙaramin aiki ne, kuma gara yanzu da jajibirin biki.

Tsoronki na Emilia ba banza ba ne, amma ba ita za ki aura ba. Da kin ji bayanin likita, ki gaya wa Azariya da bakinki. Dattijon da ya taɓa zama da mace ya san jiki yana da nasa lalurori, kuma abin da ya ji daga gare ki ba wanda zai kai masa a matsayin gulma.

Ki je ki dawo ki zauna daidai a kujerar amarya. Citta kuwa a zuba ta a kunun biki, nan ne wurinta. Allah ya ba da lafiya da zaman daɗi.

Anti Afiniki