Firizarki Tana Nan, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan Allah ya kai haske makwancinki, ina so in ba ki labarin abin da na gani wata safiya a bazarar nan. Na san da kina nan, ke za ki fara dariya.

Na fito alwalar asuba sai na hangi Baba a gindin darbejiyar tsakar gida, yana naɗe tabarma da sauri kamar wanda ya ɗauko kayan wani. Ya rungume ta da matashinsa, ya leƙa dama da hagu, ya shige ɗakinsa. Da ya buɗe ƙofa, sanyi ya bugo har inda nake tsugune. Jim kaɗan ya fito yana miƙa, wai shi ga wanda ya kwana a ciki. Na sunkuyar da kai na ci gaba da wanke ƙafa.

Bari in koma baya don ki gane. Yaya Sani ya aiko daga Kano aka sa mana sola, aka kuma sa wa Baba esi, na'urar sanyaya ɗaki, saboda hawan jininsa ba ya son zafi. Esin ya zo da wani ɗan akwati da aka manna a bango, mai fuska kamar ta waya. Shi ke gaya wa esin lokacin da zai tashi, da lokacin da zai tsaya, da iyakar sanyin da zai bayar. Malam Bukar mai haɗa sola ya ce akwatin yana rage cin wuta sosai. Ya saita shi yadda yake yi wa ma'aikata: da rana a kashe tunda an tafi ofis, da dare a kunne har gari ya waye.

Daga nan firizarki ta shiga uku. Wadda kika saya da adashinki, wadda ƙanwata Hauwa ta ci gaba da sana'arki ta kunun aya a cikinta. Esi na shan wuta duk dare, kafin asuba batirin sola ya mutu, ƙanƙara ba ta kamawa, kunu ya yi tsami a zubar. Yaya ya ce tsohuwar firiza ce ke shanye wutar, a sayar. Bai faɗa da mugunta ba, lafiyar Baba yake dubawa. Har wani mutumin garin Itas ya zo ya ƙwanƙwasa jikinta ya taya. Hauwa ta shiga ɗaki ba ta fito ba sai magariba. Ni dai na roƙi Yaya ya ɗan ba ni lokaci.

Abin da na gani a safiyar nan shi ya warware mini komai. Inna, ke kin san tun muna yara Baba bai taɓa kwana a ɗaki da bazara ba. Ya ce sai yana ganin sama barci ke ɗaukarsa. Amma yaya zai buɗe baki ya gaya wa ɗan da ya yi masa wannan hidima cewa ba ya kwana a ciki? Sai ya bar esi yana sanyaya katifa da sandarsa har safe. Da rana kuwa, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da yake kishingiɗa, yana zaure yana fama da mafici, akwati ya kashe esi, rana tana zuba a kan sola a banza.

Sai na tuna ki a bakin murhu. Da tukunya ta tafasa kike janye itace, kina cewa, "Wuta ba ta san ta isa ba, mai girki ke sani."

Turancin jikin akwatin ya fi ƙarfin karatuna, kin san inda na tsaya. Na kira Malam Bukar, ya zo ya zauna da ni, ya nuna mini maɓallan ɗaya bayan ɗaya har hannuna ya saba. Da kaina na saita: esi ya tashi bayan azahar, ya tsaya da la'asar, sanyin kuma daidai jikin dattijo. Dare na bar wa firizarki.

Asirin Baba ban tona ba. Yaya na ce masa an canza lokaci ne kawai. Shi kuma Baba na durƙusa na ce injin nan yana buƙatar hutu da dare, ya daure ya riƙa kwana a waje. Ya daɗe yana kallona, gemunsa yana motsi, sannan ya ce tunda injin ne ya roƙa, ba komai.

Masu tambayata ko akwatin nan yana rage cin wuta da kashe kuɗi, ga amsata: yana ragewa ƙwarai, amma bai san wa ke cikin ɗaki ba. Sai wanda ya zauna ya kalli gidansa ya gaya masa.

Inna, yanzu Baba yana barcin rana har da minshari. Ranar da mutumin Itas ya dawo da motar ɗaukar kaya, Hauwa ta buɗe firizar a gabansa, robobin kunu sun daskare sun manne, sai da ta sa muciyarki ta ɓamɓare su. Ya sayi kunu ya sha a tsaye, ya juya da motarsa ba komai a ciki. Ranar na ji ni ɗanki ne.

Allah ya jiƙanki, ya sanyaya kabarinki fiye da duk sanyin da muka sani, ya haɗa mu a Aljanna.

Kada ki ce cika baki nake. Hauwa ta gani, Malam Bukar ya gani, mutumin Itas ya gani. Baba ma ya gani, yana zaune a gindin darbejiya kan tabarmarsa, wadda yanzu yake naɗewa a hankali bayan rana ta fito.

Ɗanki,
Isiyaku, daga Azare.