Umarnin da ya shekara hamsin da huɗu

Litinin, 6 ga Nuwamba

Shugaba Gu ya kira ni ofishinsa, ya turo mini fayil ɗin Baba Pyo da ɗan yatsa ɗaya kamar mai ture ruɓaɓɓen kifi. Wai in rufe. Kwamiti zai zauna ranar talatin ga wata. In babu shaidar cewa a fagen yaƙi tsohon ya sami raunin da ke kansa, ɗakin kulle za a kai shi a asibitin tsofaffi. In akwai shaida, za a ba shi nas mai zuwa gida da likitan ƙwaƙwalwa, ya ci gaba da zama a ɗakinsa.

Na ce ban rufe ba. Ya ce, “Malama Yeom, tsofaffin soja arba'in da ɗaya ne a hannunki.” Na ce na iya ƙirga.

Takardar ajiye aikina tana cikin jaka, wata bakwai ke nan. In na gama da Pyo zan miƙa ta, su ci kansu.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Na je wurin Baba Pyo. Koren kwalaben giya bakwai a bayan ƙofa, allurar ciwon sukarinsa a firji kusa da kwanon kimchi, kabejin nan mai yaji, ko taɓa ta bai yi ba. Gyambon ƙafar ya ƙara faɗi. Mai gidan hayar ta tare ni a matakala, wai jiya da rana jirgin sama ya wuce, Baba ya shige ƙarƙashin tebur yana ihu, ya fasa mata taga ta biyu.

Amma jar hularsa ta sojan ruwa tana rataye a ƙusa, tsaf, ko ƙura babu.

“Ke farar hula, kin dawo?” Sunana ke nan a wurinsa shekara biyu. Na ce na dawo, Baba, miƙo ƙafar. Ya zage ni har na gama naɗe ta. Ko a jikina.

Talata, 14 ga Nuwamba

Amsa ta zo daga ma'ajiyar takardu: babu rubutun rauninsa a Vietnam, ko layi ɗaya. Ƙarfe yana cikin kan mutum, hoton asibiti ya nuna, amma takarda ta ce lafiyarsa lau.

Saura hanya ɗaya: abokin fama da ya gani da idonsa ya rubuta, ya buga hatiminsa. Na tambayi Baba wa ya rage. Ya ce duk sun mutu. Ya faɗa da sauri fiye da kima. Da ya shiga banɗaki na juya hoton da ke kan talabijin. A bayansa an rubuta: Ma Yong-gil, rukuni na 203, wato lambar zubin da aka ɗauke su soja. Na san bai kamata ba. Na kwafe.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Ma Yong-gil yana raye! Kifi yake shanyawa a Guryongpo, garin masunta a bakin teku.

Talata, 21 ga Nuwamba

Na same shi tsakanin igiyoyin kifi, ɗan guntun tsoho, gwiwoyi sun lanƙwashe. Ina cewa Pyo Deok-chul, rukuni na 198, sai ya miƙe ƙyam da kifi a hannu. Shekara saba'in da takwas!

Ya ba ni shayi, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce eh, yana wurin. Eh, ya gani. Na ciro takardar shaidar na miƙa masa. Sai ya mayar mini da ita da hannu biyu.

“'Yata, an ba ni umarni. Yallaɓai Pyo ya ce kada in faɗa wa kowa abin da ya faru ran nan.”

Na ce yaushe? Ya ce 1969. Na yi dariya, na zaci wasa ne. Bai yi ba. Na ce kulle shi fa za a yi. Idonsa ya kawo ruwa, amma ya ce, “Na gaba da ni ne da rukuni biyar. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa.”

A motar bas ina ta huci. Tsofaffi biyu suna wasan soja da ran mutum.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Na tafka kuskure. Na ce wa Baba na ga Ma. Fuskarsa ta canza. Maimakon in yi shiru sai na ce, “Ai ya girme ka da shekara biyu, ka je ka gaishe shi, ka roƙe shi ya rubuta.”

Kwanon shinkafa ya wuce ta gefen kunnena.

“Girma? Lissafin shekaru na farar hula ne! Ranar da ya shigo bariki ni na koya masa ɗaure takalmi. Ni zan roƙi ɗari biyu da uku?”

Na ce to kwance umarnin. Ya ce, “Ku kai ni kullen. Gara can.” Na ce ba zan kai ka ba. Ya ce ina ruwanki. Na ce ruwana ne da tsaki, ni na naɗe wannan ƙafar sau ɗari. Na share shinkafar na fito. A matakala na zauna na yi kuka, na haushi ne ba na komai ba.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Gu ya ajiye mini takardar asibitin a tebur, saura sa hannuna kawai. Na ɗora kofin kofi a kanta.

Abin da ke ta yi mini yawo a kai: yadda Ma ya miƙe don jin lamba kawai. In doka ta hana na ƙasa magana, ai dokar nan ta ɗora wa na sama kula da shi. Na buga wa Ma waya na tambaya: in ka je ƙofar na gaba da kai ka ƙame, yaushe za ka zauna? Ya ce, “Sai ya ce in huta.” Na ce in bai ce ba fa? Sai ya ce, “Ƙarfe nawa za ki zo ɗaukata?”

In gwiwarsa ta karye, laifina ne. Na sani.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Ƙarfe goma na safe, iskar teku tana yanka fuska. Ma ya zo da jar hularsa. Ya tsaya a ƙofar, ya haɗa dugadugai, ya sara.

“Sai nasara! Ma Yong-gil, rukuni na ɗari biyu da uku, ya iso!”

Ba a buɗe ba. Na ji an kashe talabijin a ciki.

Minti goma. Ashirin. Mai gidan ta leƙo ta koma. Gwiwoyinsa suka fara kaɗawa. A minti arba'in zuciyata ta karye, na kawo kujera na ce Baba Ma zauna, mun bari. Ko kallona bai yi ba. Ya ce a hankali, “Ba ki da ikon zaunar da ni, 'yata.”

Na doki ƙofar da tafin hannu. Na ce, “Baba Pyo, yaronka zai faɗi a ƙofarka, unguwa tana kallo! Haka ɗari da casa'in da takwas suke riƙon na ƙasa da su?”

Ƙofar ta buɗe. Baba Pyo ne, ya sa hularsa. Ya yi aski ma, har ya yanke haɓa. Ashe abin da yake yi ke nan duk tsawon lokacin.

“Kai jaki, ka tsufa. Huta.”

Ma bai sauke hannu ba. Ya ce, “Yallaɓai, ba zan iya hutawa ba. Tun ran nan nake goye da kai. Shekara hamsin da huɗu ko matata ban faɗa wa ba, har ta rasu. Ka sauke ni.”

Baba ya riƙe ƙyauren ƙofa. Na zaci zai rufe. Sai ya ce, “Na janye umarnin. Shigo kafin ka mutu mini a ƙofa.” Ya zaunar da shi a wurin da daɓen ya fi ɗumi, wurin da ni bai taɓa bari na taka ba.

Litinin, 27 ga Nuwamba

Na karanta shaidar. Shafi biyu, da jan hatimi a ƙasa. Bam ya tashi, ƙarfe ya shiga kan Pyo, Ma ya goya shi kilomita huɗu cikin gonar shinkafa. A hanya Pyo yana ta kiran mahaifiyarsa, ya ɓata wandonsa a bayan yaron da shi ya horar. Da ya farfaɗo, maganarsa ta farko umarnin nan ce. Kunyar nan ce kuma ta sa Pyo ya gudu daga tantin jinya kafin a rubuta sunansa.

Shi ke nan fa. Abin da ya gwammace a kulle shi a kai ke nan. Shekararsa ashirin da biyu a lokacin.

Na ce ko a cire maganar wandon. Baba ya ce, “A bar ta. Haka aka yi.”

Alhamis, 30 ga Nuwamba

Sun amince. Nas sau uku a mako, likita sau biyu a wata, yana ɗakinsa. Gu ya ce na yi sa'a. Na mayar masa da takardar asibitinsa da shatin gindin kofi a tsakiya.

Litinin, 4 ga Disamba

Baba bai gode mini ba, ban kuma zaci zai gode ba. Kwalabe uku a bayan ƙofa. Ma ya aiko masa da kifi, Baba ya ba ni rabi, wai ya yi gishiri da yawa. Ina naɗe ƙafar ya ce, “Malama Yeom, kin matse da yawa.” Na yi kamar ban ji sunan ba.

Ina fitowa aka bugo mini daga ofis: wani tsohon soja a bayan kasuwar Jukdo, kwana shida bai buɗe wa kowa ƙofa ba. Na laluba jaka, ba ni da abin rubutu sai takardar ajiye aikin. Na juya bayanta na rubuta adireshin. Yanzu ta ɓaci, ba a miƙa irinta.

Zan sake buga wata in na sami lokaci. Gobe ƙarfe tara, Jukdo. In tuna in fara tambayar rukuninsa.