Kaset-kaset ɗinka a Fadamar Gozaki

Zuwa ga Yayana Mahadi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a kan ruwan da kake aiki a Fatakwal. Inna tana lafiya, ƙafar ta yi sauƙi har ta je suna Mahuta. 'Yarka Kausar ta fara tafiya, ba ta da aiki sai bin kaji. Na yi ta kiran lambarka ba ta shiga, shi ya sa zan ba direban da ke kai masara wannan ya kawo maka.

Yaya, laifi na yi maka. Ka tuna kwalin kaset ashirin da uku na kiɗan Turawan nan masu dogon gashi, wanda kake kira kiɗan ƙarfe, da ka bar mini amana? Bana shinkafar maigidana Abban Kausar a fadamar Gozaki ta yi kyau, tana fitar da kai sai tsuntsayen jan baki suka sauka. Ka san yadda ake yi, a warware zaren kaset a ɗaura a kan sanduna, yana ƙyalli yana kuka in iska ta kaɗa, tsuntsu ya tsorata. Abban Kausar ya zagaye kasuwar Malumfashi bai samu kaset ba, kowa ya koma waya. Sai ya zo yana sosa ƙeya, ya ce shi yana jin nauyin kayanka, amma abincin shekara ne. Na ce ya ba ni kwana uku in saurara, in ware waɗanda ba za a taɓa ba.

Na ajiye littafin da nake karantawa a daidai inda jarumar ta hau mota, na sa wa tsohuwar rediyonka batir. Da hantsi in an watse, sai in kunna ƙasa-ƙasa ina tsince wake. Na fara da waɗanda na fi so ina yarinya, masu mawaƙin nan mai tsala ihu, wanda muke ƙure masa murya don Inna ta biyo mu da muciya. Wallahi Yaya, ban sami komai a ciki ba. Gudu ne kawai, kamar mai keke da ya rasa birki a gangare. Ashe ba kiɗan nake so ba, gudun da muke yi muna dariya nake so.

Sai na zo kan mai baƙin bangon nan da ba ta da hoto, wadda ka ce ta masu barci ce, ka jefa ƙasan kwali. Jitar tana tafiya a hankali da nauyi, kamar hadari yana haɗowa ta gabas, gangar kuma kamar mata biyu suna daka ba sa sauri. Turancin ba na jin sa, sai na yi masa labari da kaina. Na ga mutum a jirgi tsakiyar ruwa, yana hango fitilun gari amma jirgin ba ya matsowa, yana ta kiran sunayen mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya. Sai da waken da na ɗora ya ƙone na farga. Na ga ashe mutanen nan ba duka ne mahaukata ba kamar yadda Inna ke cewa, wasu kewa ce ta yi musu yawa har ta fito da ƙara.

Na miƙa goma sha tara, har da taka mai hoton wuta da ka fi ji da ita. Na sake sauraronta sau biyu don in samo mata hujja, ban samu ba, ka yafe mini. Jiya na bi shi gona. Zaren ya ratsa fadamar daga wannan baki zuwa wancan yana walƙiya, yana wani siririn kuka, tsuntsayen suna ta shawagi a sama sun kasa sauka. Na daɗe a tsaye ina tunanin wace waƙa ce ke kan wace kunya.

Saura huɗu a ƙasan akwatina. Abban Kausar ya ce in tsuntsaye suka ƙaru kafin yanka, sai an taɓa su. Na amsa masa uku. Ta huɗun, baƙar, na ce masa a gaban Inna ko ni zan tsaya a gonar ina kaɗa gwangwani ba za a warware ta ba.

Inna tana gaishe ka, da Baba Murtala da Gwaggo Ladidi, da Abban Kausar wanda ya ce buhun farko naka ne. Ka gaishe da Yaya Zaharaddeen in kun haɗu. In ka dawo zan miƙa maka abin da ya rage, ban da baƙar. Ita kam ka riga ka jefar, ni na tsinta.

Wassalam, taka ƙanwa,
Najiba