Sai Yanzu Suka San Doka

Jarwal, Makka, 9 ga Muharram 1389

Ƙanena Malam Isa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Inna?

Shekara guda na yi ina rubuta wa hukuma can gida kan ɗana Sani, ba amsa. Bana alhazan gida, tsofaffin 'yan majalisa, suka cika ɗakina suna zagin gwamnati, wai ta ce wanda aka tsare lokacin yaƙi ba ya zuwa kotu. Sai da aka kama surukin ɗayansu suka san doka. Suka miƙo takardar ƙorafi in gyara musu Turancinta. Na ba su shayi, na mayar musu da takardarsu ban gyara ba.

Gaida kowa, a sa mu a addu'a. Surukin nasu yana raye. Sani ya rasu a tsare, ko kabarinsa ba a nuna mana ba.